Ƙofa Ɗaya ga Dukkan Fotal: Bitar Littafin Thorgersen da Silva kan Keycloak

Littafin da Stian Thorgersen da Pedro Igor Silva suka rubuta kan Keycloak, wanda kamfanin Packt ya buga a 2021 ya kuma sake shi da gyara a 2023, ya tsaya ne kan matsala guda: yadda mutum zai shiga da suna da kalmar sirri sau ɗaya, sauran manhajojin ma'aikata su amince da shi ba tare da sake tambaya ba. Thorgersen na cikin waɗanda suka kafa Keycloak a kamfanin Red Hat, manhajar da ta fito a 2014, kyauta ga kowa. Wato mai abu ne ke bayanin abinsa, kuma ana jin haka a kowane babi.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katagum. Azare gari ne na karatu da jinya: ga Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da aka kafa a 2021, ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga jami'ar jiha a Gadau. Yaron da ya taso daga Zadawa ya samu gurbin karatu, a ko'ina ne a ƙasar nan, yakan tarar da fotal na rajista daban, na biyan kuɗi daban, na sakamako daban, kowanne da kalmar sirrinsa. Ƙarshenta sai ya rubuta su a bayan littafi, ko ya damƙa wa mai shagon intanet ya riƙe masa.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurin marubutan. Ba su yi gaggawar kai mai karatu ga maɓallan allon gudanarwa ba. Sun fara sa shi ya ga abin da ke gudana tsakanin burauza da saba a tsarin OpenID Connect da OAuth 2.0, ta wata ƙaramar manhajar gwaji da suka tanada. Kana danna shiga, fotal ya tura ka zuwa Keycloak, ka rubuta kalmar sirrinka a can, a dawo da kai da wata lamba mai gajeren rai, fotal ya musanya ta da tikitin shaida mai sa hannun sabar. Kana iya buɗe tikitin ka karanta: waye kai, wa ya bayar, yaushe zai mutu. Wanda ya ga wannan da idonsa ya gane cewa fotal ɗin bai taɓa riƙe kalmar sirrin ba, kuma daga nan sauran littafin ke sauƙi. Na karanta bayanai da yawa kan waɗannan ƙa'idoji, ban ga wanda ya kai wannan saukar da kai ga mai koyo ba.

Babin shirya sabar domin aiki na gaske shi ne zuciyar littafin ga duk wanda zai ɗora ta a intanet. Sun yi bayanin sunan adireshi, da takardar shaidar TLS, da sabar da ke tsayawa a gaba tana karɓar baƙi, da dalilin da ya sa rumbun bayanan gwaji bai dace da aiki ba, sai irin PostgreSQL ko MariaDB. Sun kuma nuna yadda ake haɗa saba biyu ko fiye don kada faɗuwar ɗaya ta tsayar da komai. Gidan da ke da zaure ɗaya, in zauren ya rushe kowa a waje zai kwana, kuma marubutan ba su ɓoye wannan ba. A nemi bugu na biyu, domin a 2022 Keycloak ya koma kan Quarkus daga WildFly, umarnin kunnawa da na saiti duk suka sauya.

Inda nake da ƙorafi shi ne littafin ya ɗauka kowa na da saba tasa. Ƙananan makarantu da asibitocinmu galibi hayar wuri suke yi a sabar haɗaka mai cPanel, wadda aka gina don PHP. Keycloak kuwa da Java aka rubuta shi, yana son ya zauna a kunne dare da rana da ƙwaƙwalwa mai kauri. Shafi biyu da ke gaya wa mai karatu ƙarara cewa hayar haɗaka ba za ta ɗauke shi ba, da abin da ya kamata ya kama a madadinta, da sun cece shi daga asarar kuɗi.

Akwai kuma abin da suka rubuta da wata manufa amma ya fi amfani a nan. Sun yi bayanin tsawon zaman shiga da yadda fita daga manhaja ɗaya ke rufe sauran. A Turai wannan saiti ne na yau da kullum; a shagon intanet na kasuwar Azare, inda ɗaliba za ta tashi daga kwamfuta wani ya zauna kan kujerar tun da ɗuminta, shi ne tsaron gabaɗaya, domin shiga ɗaya da aka manta a buɗe ta buɗe rajista da sakamako da kuɗi tare. Haka lambobin sirri masu sauyawa duk daƙiƙa 30 da manhajar FreeOTP ke fitarwa: ba sa bukatar data ko sabis, don haka wanda ke ƙauye inda sabis ke ɗaukewa zai iya amfani da su, muddin agogon wayarsa daidai yake. Mai ƙaramar waya kuwa sai an nema masa wata hanya, tunda Keycloak bai zo da tura lamba ta tes ba, sai an ƙara masa.

Tun da aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya a Yunin 2023, ajiye kalmomin sirrin ɗalibai da marasa lafiya a rumbuna biyar ba tare da mai kula ba ya zama nauyi a wuyan shugaban ma'aikata. Ma'aikacin sashen kwamfuta da ya karanta littafin nan zai iya shiga ofishin magatakarda ya yi bayanin gyaran da harshen da za a gane, har ya ƙara da cewa shafin shigar ana iya mayar da rubutunsa Hausa.