Ballon d'Or: ma'auni ne ko ra'ayin mutum 100?

Duk shekara da zarar an sanar da wanda ya lashe Ballon d'Or, sai musu ya ɓarke a gidajen kallon ƙwallo, daga Daura har Babban Mutum: wannan ya ce an yi adalci, wancan ya ce an yi coge. Kafin ka ɗauki ɓangare, yi tambayar da mai bincike kan yi wa kowane ma'auni: wai me yake aunawa?

Mujallar France Football ta Faransa ce ta ƙirƙiro kyautar a 1956, kuma 'yan jarida ke zaɓe. Tun 2022, ɗan jarida guda ake ɗauka daga kowace ƙasa cikin 100 na farko a jadawalin FIFA. Shi ya sa a 2024 Najeriya ta samu ƙuri'a, Nijar ba ta samu ba, alhali wasan da ake kallo a Baure shi ake kallo a Magaria.

Sai lissafin maki. A 2024 kowane mai zaɓe ya jera 'yan wasa 10: na farko maki 15, na biyu 12, na uku 10, har zuwa 1. Ɗauka mutum 60 sun sa wani a farko, sauran 40 ba su ambace shi ba: makinsa 900. Wani kuma kowa ya sa shi na biyu: makinsa 1,200. Ka ga wanda ba gwanin kowa ba ne ya tafi da kyautar. Tsarin na fifita wanda kowa ya yarda da shi a kan wanda ake jayayya a kansa. Rodri ya doke Vinicius da maki 41 kacal a shekarar, tazarar da 'yan ƙuri'u za su iya juyawa.

Idan aka canza masu zaɓe, sakamako ma canzawa yake. Daga 2010 zuwa 2015 an haɗa kyautar da ta FIFA, kociyoyi da kyaftin-kyaftin suka shigo zaɓen. A 2010 'yan jarida Sneijder suka sa a gaba, Messi ya ɗauka. A 2013 Ribéry suka zaɓa, Ronaldo ya ɗauka.

Babbar matsalar kuwa tana cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam: abin da ya fi saurin faɗo mana a rai shi muke ɗauka ya fi muhimmanci. Ƙwallon da ta shiga raga ana maimaita ta a talabijin mako guda. Wadda ɗan baya ya hana tun kafin ta zama haɗari ba mai tuna ta. Duba tarihi: gola ɗaya tak ya taɓa cin kyautar, Lev Yashin a 1963. Ɗan baya na ƙarshe shi ne Cannavaro a 2006, Van Dijk kuma ya rasa ta da maki 7 a 2019. Ƙirƙiro wa gololi kyautarsu daban a 2019 ma ai amsa laifi ne.

Ƙa'ida ma na rufe ƙofa. Kafin 1995 Turawa kaɗai ake ba, don haka Pelé da Maradona ba su taɓa cinta a zaɓe ba. Shekarar da aka buɗe ƙofar George Weah na Laberiya ya ɗauka.

Wannan duk bai sa kyautar ta zama banza ba. Osimhen da ya zo na 8 a 2023 da Lookman na 14 a 2024 sun nuna duniya ta lura da su. Amma ka karanta ta a matsayin ƙuri'ar jin ra'ayi. In an sake musu, tambayi abokinka: su wa suka zaɓa, kuma yaya aka ƙirga?