Mita 270 saboda gawa ɗaya

Fim ɗin Dave Not Coming Back na 2020 ya faɗi ƙarshensa tun a suna, amma hakan bai hana gaban mai kallo faɗuwa ba. A Janairun 2005 Dave Shaw ya nitse mita 270 cikin kogon ruwan Boesmansgat, a Afirka ta Kudu, don ɗauko gawar Deon Dreyer da ta shekara goma a can. Igiya ta sarƙe shi, kyamarar kansa tana ɗauka.

Don Shirley, abokinsa da ya sha da ƙyar, shi ya riƙe fim ɗin, muryarsa ba gaggawa. Sai dai fim ɗin ya yi masa sassauci. Mun san darajar binne mamaci, amma ba a matsa masa da tambayar ko gawa ta cancanci ran mai iyali ba.