Sam Cooke, Mawaƙi Mai Murya Biyu

Baƙaƙen Fata na ƙasar Amurka suna da wani irin kiɗa da waƙa wanda su ke kira rhythm and blues, watau kiɗa mai nauyin bugu haɗe da waƙar kukan zuci. Tushensa biyu ne, waƙoƙin ibada na majami'a, da waƙoƙin talakawa na ƙauna da wahala. Cikin waɗanda suka shahara da shi, da wuya a sami wanda ya fi Sam Cooke zaƙin murya. Amma tun yana da rai mutane suka rabu biyu a kansa. Waɗansu suka ce ya ɗaukaka kiɗan jama'arsa, waɗansu kuwa suka ce ya sirka shi da ruwa ne domin ya sami kasuwa wurin Turawa. Maganar ta isa a auna ta da kyau.

An haife shi ran 22 ga watan Janairu, 1931, a garin Clarksdale cikin jihar Misisipi. Ubansa mai wa'azi ne na addinin Kirista. A 1933 suka ƙaura zuwa Shikago, can yaron ya tashi yana waƙar ibada tare da 'yan'uwansa. A 1950 ya zama jagoran wata ƙungiya ta mawaƙan majami'a mai suna Soul Stirrers. Baiwarsa ta bayyana nan da nan. Kalmominsa suna fita sarai, ba ya haɗiye ko ɗaya. Yakan kuma ɗauki gaɓa guda ya lanƙwasa ta, ya hau da ita sama ya sauko a hankali, ba tare da ya ta da jijiyar wuya ba.

Sa'ad da ya so ya gwada waƙar duniya, sai ya fara fitar da faifai da sunan aro, Dale Cook, don gudun fushin masu ibada. Amma irin wannan murya ba ta ɓuya, aka gane shi. Sai ya fito fili. A 1957 waƙarsa You Send Me ta wuce kowace a kasuwar Amurka, Turawa da Baƙaƙe duka suna saye. A nan masu suka su ke da hujja. Waƙar kalmominta kaɗan ne, 'yan amshinta kuwa sanyin muryarsu ya yi yawa. Bayan da ya koma kamfanin RCA a 1960, an cika waɗansu fayafayansa da goge irin na Turawa har zafin muryar ya dushe. Wanda ya ji waɗannan kaɗai, ba laifinsa ba ne in ya ce zuma ce zalla, babu yaji.

Amma akwai shaida ta biyu. Cikin watan Janairu, 1963, aka ɗauki wasan da ya yi wa jama'arsa a wani gidan rawa mai suna Harlem Square a birnin Miyami. A can muryarsa ta yi kaushi, yana kira, taro yana amsawa, kamar yadda ya saba a majami'a. Kamfanin ya ajiye wannan faifai bai fitar ba sai 1985, alhali kuwa wasan da ya yi wa masu sukuni a Copacabana ta birnin Niyok a 1964 an fitar da shi cikin shekarar nan. Ashe ba mawaƙin ne ya rasa zafi ba, masu kasuwa ne suka zaɓi abin da za a ji. Ko cikin fayafayan kasuwa ma yakan saka ɗaci a ƙarƙashin zaƙi. Chain Gang ta 1960 kiɗanta na rawa ne, amma zancenta na fursunoni ne waɗanda a ke ɗaure da sarƙa suna aikin hanya.

Wani abin yabo kuma shi ne hankalinsa wajen dukiya. A zamanin nan mawaƙa Baƙaƙe da yawa sun zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi kuwa yawancin manyan waƙoƙinsa da kansa ya tsara su, ya kuma haɗa kai da abokinsa J. W. Alexander suka kafa kamfaninsu na fayafayai mai suna SAR, inda samari irin su Bobby Womack suka sami ƙofa.

Shekara ta 1963 ta zo masa da baƙin ciki. Ɗansa ƙarami ya faɗa ruwa ya mutu. Cikin watan Oktoba kuma aka hana shi masauki a garin Shreveport saboda launin fatarsa, da ya yi gardama aka kama shi. A farkon 1964 ya yi A Change Is Gonna Come, wadda ta ke faɗin gajiyar mutumin da a ke kora ko'ina, da tsoron mutuwa, da sa rai ga sauyi. Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a wannan waƙa ya tauna su. Gogen Turawa yana nan, muryar majami'a kuma tana nan, babu wanda ya danne wani. Duk da haka, da aka zo fitar da ita a ƙaramin faifai, sai da aka yanke baitin da ya fi fitowa fili game da wariyar launi.

Bai ga yadda duniya ta karɓe ta ba. Ran 11 ga watan Disamba, 1964, matar da ke kula da wani masauki a Los Anjalis ta harbe shi, yana da shekara 33. Masu bincike suka yanke cewa kāre kanta ta yi, danginsa kuwa ba su yarda ba. Ƙarshe ne marar kyau, ba kuwa daidai ba ne a ɓoye shi don a gyara masa suna.

To, in an ɗora aikinsa a ma'auni, sai a ce masu suka sun faɗi rabin gaskiya. Lalle ya sassauta murya don a buɗe masa ƙofofin da a ke rufe wa irinsa, waɗansu fayafayansa kuma ba su da nauyi. Amma da ƙofar ta buɗe, bai shiga hannu wofi ba, kukan jama'arsa ya shiga da shi. A kan wannan ya kamata a hukunta shi.