Shayar da Ƙotar Wuƙa Ruwan Roba: Ina Amfanin, Ina Yayin?

Maƙeran wuƙa na Amurka, musamman masu ƙira don sha'awa a garejin gidajensu, sun rungumi wata al'ada: a shayar da itacen ƙota ruwan roba har ya ƙoshi, sannan a gasa shi ya sandare. Da can sai mutum ya aika itacensa kamfani irin K&G na jihar Arizona. Aikin ya shigo gida ne bayan da TurnTex na Texas ya fara sayar da ruwan roba mai suna Cactus Juice, tukwanen zuƙe iska kuma suka yi araha.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Itace yakan sha danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, har ƙota ta tsage ko ta saki ƙarfe. Idan roba ta cike ƙofofinsa, motsin nan yakan ragu ƙwarai.

Ana fara busar da itacen a tanderu, a zafin digiri 104 na Salshiyas, kwana guda cur. Wannan matakin masu gaggawa ke tsallakewa, alhali nan aikin yake, domin ƙofar da ruwa ya riga ya tare roba ba ta shigarta. Daga nan a nutsar da shi cikin ruwan, a danne, a kunna famfo ya yi ta zuƙe iska har kumfa ta daina tashi. Mutane da yawa na zaton lokacin ne robar ke shiga. A'a, sai an saki iskar nauyinta ke tura ruwan ciki, shi ya sa ake barin itacen ya jiƙu na dogon lokaci kafin a gasa shi a wajen digiri 90.

Inda nake jayayya da masu wannan yayi shi ne ɗaukar da suke yi masa maganin komai. Itace mai laushi ko wanda ya fara ruɓewa, kamar kullutun mapul mai zanen ado, yakan amfana sosai: abin da a da makamashi ne ya koma ƙota mai tsada. Amma itace mai tauri da maiƙo, irin kokobolo, ba ya shan komai, kuma dama ba ya bukata. Maƙerinmu da ya zaɓi ƙirya ya riga ya huce wannan wahala.

Ƙashi, wanda shi ma ake yin ƙota da shi, ya fi ban takaici. Na saniya ko na raƙumi ƙofofinsa ƙanana ne, robar kan tsaya kusa da baya. Abin da ke taimakonsa shi ne cire ɓargo da maiƙo, busarwa sannu a hankali, da ɗiga gam mai ruwa-ruwa a tsagogi.

Kuma ko an shayar da ita, ƙota ba ta zama gagara-ruwa ba. Wadda aka bari a kwanon wanke-wanke za ta lalace. Kafin ka sayi famfo da tukunya, auna guntun itacenka a hannu: in yana da nauyi da santsin mai, busar da shi kawai ka shafa masa mai.