Babba a Wane Ma'auni? Tarken Fassarar Muƙami da Ayyukan Ɗan Sanda, Daga Kano Zuwa Zangon Kwatano

1.0 Gabatarwa

Akwai wata jimla da kunnen mai sauraren labaran Hausa ya saba da ita har ya daina tsayawa a kanta, wato “wani babban jami'in 'yan sanda ya bayyana cewa…”. Ana jin ta a gidajen rediyon gida da na ƙetare, ana kuma karanta ta a jaridu. Wannan takarda za ta yi tarken wannan jimla tare da abokiyar tafiyarta, wato “ayyuka da nauye-nauye”, wadda ake amfani da ita duk lokacin da aka zo bayanin abin da ya rataya a wuyan jami'i. Ɗalibin fassara yakan ɗauka aikinsa ya ƙare da zarar ya tsinci kalma a ƙamus. Amma sunan muƙamin ɗan sanda shi ke gaya wa talaka wanda ke da ikon tsare shi, da wanda zai sa hannu a sake shi, da wanda za a tuhuma idan ya kwana a rufe ba bisa ƙa'ida ba. Za a kawo misalai daga Amurka da Arewacin Nijeriya, sannan a ƙarasa a unguwannin Zango da Kajehun (Cadjèhoun) na birnin Kwatano, inda Hausa ke gogayya da Faransanci a bakin fatake da mahauta da 'yan canji.

2.0 Matsalar kalmar “babba”

Kusan kowace jiha a Amurka tana da rundunar 'yan sanda ko ta masu sintirin manyan hanyoyi ta kanta. Ta jihar Fensilbaniya, alal misali, an kafa ta a 1905, kuma bisa dawaki jami'anta suka fara aiki. Ɗan sandan irin wannan runduna ana kiransa “turufa”, kalmar da asalinta ke nufin sojan doki. A wasu jihohi kamar Bajiniya da Oregon akwai muƙamin “siniya turufa”. Idan wannan muƙami ya faɗo cikin labari, abin da ke saurin zuwa bakin alƙalami shi ne “babban jami'in 'yan sandan jiha”. Jimlar tana da daɗin ji, kuma babu kuskuren nahawu a cikinta. Sai dai mutumin Kano da ya ji ta zai hango Kwamishina da tutarsa a gaban mota, alhali wanda ake magana a kansa bai kai saje ba. Aikinsa shi ne sintiri a kan hanya, da tare mai gudun wuce sa'a, da auna wurin da aka yi haɗari, da rubuta rahoto, da ba da shaida a kotu, sau da yawa kuma da koya wa sabon kurtu aiki a cikin motar sintiri. Daɗewa a bakin aiki da tsabtar fayil su ne ginshiƙin muƙamin. Ba ya jagorantar runduna.

Tushen kuskuren shi ne “babba” tana ɗauke da ma'auni fiye da ɗaya. Akwai girman shekaru, akwai girman daɗewa, akwai kuma girman iko. Idan aka haɗa ta da “jami'i”, kunnen Bahaushe girman iko kawai yake ji. Kalmar “tsoho” ma ba ta fid da a'i daga rogo, domin “tsohon ɗan sanda” yana nufin wanda ya bar aiki. Ɗalibi mai son zurfin Hausa yana iya kawo “barde”, tunda asalin kalmar Ingilishin doki ne. Wannan dabara ce mai burgewa a aji, amma barde yana jan hankali zuwa fada da hawan salla da rawani, ba zuwa kwalta da fitilar mota ba. Abin mamaki, kalmar aro ta “siniya” kamar yadda ɗaliban makarantun kwana suka san ta ta fi kusa da ma'anar, domin siniya yana gaba da juniya, yana iya aikensa, amma kowa ya san ba shi ne hedimasta ba. A rubutun labari, “gogaggen ɗan sandan sintiri na jihar Bajiniya” ya wadatar.

Hausar bariki ta riga ta tanadi ma'auninta, kuma ma'auni ne na ido. Kofur igiya biyu gare shi, saje igiya uku. Daga nan a wuce sufeto, a shiga sahun masu anini: mai anini ɗaya, mai biyu, mai uku. An samo sunan daga ƙaramin kuɗin nan na zamanin Turawa mai hoton tauraro. Direban mota da bai taɓa karanta dokar aikin ɗan sanda ba ya san cewa rokon da za a yi wa mai igiya daban yake da wanda za a yi wa mai anini. Mai fassarar da ya kwashe waɗannan duka ya zuba cikin “babban jami'i” ya ba mai sauraro bayanin da bai kai wanda yake da shi a tasha ba.

3.0 Abin da tsofaffin sunaye ke faɗa

Dogari bawan Sarki ne ko baransa, kuma Sarkin Dogarai ga Sarki yake kai gaisuwa da rahoto. Da aka tsara 'yan sandan En'e a zamanin mulkin mallaka sai aka sami “ɗan doka”, a gefe guda kuma ga “ɗan sanda” na gwamnati, wanda rundunarsa ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1930. An raɗa wa ɗaya suna da abin da aka ce ya tsare, ɗayan kuma da abin da yake riƙe a hannu. Kada wannan ya ruɗi ɗalibi ya zaci mai kyakkyawan suna shi ya fi adalci, domin 'yan NEPU na shekarun 1950 da farkon 1960 sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan doka, kuma irin wannan ƙorafi yana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta haɗe su da rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966.

Abin lura a nan shi ne sunan shugabansu, wato Wakilin Doka. Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokan Katsina kafin ya zama Sarki a 1944, haka kuma Ado Bayero ya riƙe muƙamin a Kano daga 1957 zuwa 1962. Kalmar “wakili” da kanta tana tilasta tambayar “wakilin wa?”, kuma kowa ya san amsar. Ke nan sunan yana nuna inda za a kai kuka. “Jami'i” kuwa kalma ce mai santsi, ta dace da ma'aikacin banki, ta dace da na asibiti, ba ta nuna wanda ya aiko shi.

4.0 A Zango da Kajehun

A Kwatano lamarin ya ƙara sarƙewa, domin Bahaushen da ke kai-komo tsakanin Zango da kasuwar Dantokpa da kan iyakar Seme yana ɗauke da kalmomin aro iri biyu a baki ɗaya: na Ingilishi da ya samo daga Nijeriya, da na Faransanci irin waɗanda ake ji a Maraɗi da Damagaram, kamar jandarma da kumandan da lajidan da kwamisariya. Wasu daga cikinsu sun yi kama da juna a furuci amma sun sha bamban a ma'ana.

Na farko shi ne “kwamishina”. A Nijeriya, Kwamishinan 'Yan Sanda shi ke jagorantar rundunar jiha guda. A tsarin Faransanci kuwa “kwamisa” yana iya zama shugaban ofishin gunduma ɗaya tak daga cikin gundumomi 13 na Kwatano, wato kusan takwaran wanda ake kira dipi'o a Fagge ko Sabon Gari. Na biyu ya fi haɗari. Birgediya a kunnen ɗan Nijeriya janar ne na soja, amma “birgadiye” a 'yan sandan Benin yana cikin sahun da ke tsakanin ƙananan 'yan sanda da hafsoshi, wato ajin masu igiya. Mai fassarar da ya rubuta cewa “wani Birgediya ya kama ɗan acaɓa a Kajehun” ya ƙirƙiro labarin da bai faru ba. Na uku shi ne “jiha”. Jamhuriyar Benin ba tarayya ba ce, ba ta da 'yan sandan jiha, kuma kalmar Faransanci da ta yi kama da ta Ingilishi mai nufin jiha, hukumar ƙasa gaba ɗaya take nufi. A Nijar kuma “jiha” yanki ne da gwamnatin tsakiya ke naɗa wa gwamna. Saboda haka “ɗan sandan jiha” yana buƙatar ɗan ƙarin bayani idan masu sauraro sun haɗa da na ƙetaren iyaka.

Ita kanta “jandarma” tana da ranar da ta daina aiki a Benin. A ƙarƙashin Shugaba Patrice Talon an haɗe 'yan sanda da jandarmomi, aka kafa runduna guda, 'Yan Sandan Jamhuriya, daga watan Janairun 2018. Wanda ya sa jandarma a labarin Kwatano na bayan wannan lokaci ya yi kuskure, alhali a labarin Maraɗi kalmar tana nan daram.

5.0 Aiki, nauyi da alhaki

Yanzu sai jimla ta biyu. Ingilishi da Faransanci suna son jera kalmomi biyu wajen bayanin muƙami, masu fassara kuma suka saba mayar da su “ayyuka da nauye-nauye”. Hanya mafi sauƙi ta gane raunin wannan ita ce duba aikatau da kowane suna ke tafiya da shi. Aiki yinsa ake yi. Nauyi ɗora shi ake yi, a kuma sauke shi. Amana riƙe ta ake yi, ko a ci ta. Alhaki kuwa ɗaukarsa ake yi, yana kama mutum, yana bin sa, shi ya sa Hausawa ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Nauyi yana ƙarewa idan an tashi daga aiki ko an yi wa jami'i canjin wuri. Alhaki yana bin sa har bayan ritaya. Jam'in “nauye-nauye” yana ba da hoton tarkace iri-iri da aka jibga wa mutum, har mai sauraro ya ji tausayinsa, alhali abin da dokokin ke nufi shi ne wanda za a riƙe idan abu ya ɓaci.

Misalai daga dokoki za su fito da wannan fili. Tsarin mulkin Benin na 1990, a sashe na 18, ya hana a tsare mutum fiye da awa 48 sai da hukuncin majistare wanda dole a gabatar masa da shi, kuma ko an ƙara wa'adin bisa wani dalili na musamman ba zai wuce kwana 8 ba. A tsarin shari'a irin na Faransa ba kowane mai kaki ke da ikon ba da umarnin irin wannan tsarewa ba, sai jami'in da doka ta ba matsayin mai binciken laifi a ƙarƙashin kulawar mai gabatar da ƙara. A Nijeriya, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya sa kwana ɗaya idan akwai kotu cikin tazarar kilomita 40. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta kuma wajabta wa shugaban caji ofis ya kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama ba da waranti ba a ƙarshen kowane wata. Rubuta wannan rahoto aiki ne. Tabbatar da an kai shi nauyi ne. Idan kuwa aka ɓoye sunan wani tsararre har ya galabaita a rufe, maganar ta koma ta alhaki.

Sashe na 19 na tsarin mulkin Benin ya ƙara wani abu da ya kamata ɗalibi ya tsaya a kansa, domin ya sauke wa ma'aikacin hukuma wajibcin biyayya idan umarnin da aka ba shi keta haƙƙin ɗan Adam ne mai tsanani kuma a bayyane. Wato “umarni aka ba ni” ba ta wanke kowa a irin wannan hali. Da kalmar “nauyi” kaɗai ba za a iya fassara ruhin wannan sashe ba, domin mai ɗauke da nauyi yana iya cewa ɗora masa aka yi.

Ga misali na gwaji daga Kajehun. A farkon 2017, lokacin da hukumomi ke kawar da rumfuna da shaguna daga gefen titunan Kwatano, an hana yin salla a kan titi, aka kuma sami tankiya a babban masallacin Kajehun, inda sahu kan fito waje ranar Juma'a. Sai da Shugaba Talon ya gana da shugabannin Musulmi kafin ƙura ta lafa. A cikin wannan labari akwai hannu uku: na shugaban mulki na yankin Littoral a lokacin, Modeste Toboula, wanda farar hula ne mai wakiltar gwamnati, da na hafsan da ya jagoranci 'yan sanda zuwa wurin, da na ƙananan da suka tsaya a bakin titi. Ɗalibin da ya rubuta “wani babban jami'in tsaro ya hana salla” ya dunƙule ukun wuri guda, kuma mai sauraro a Zango ba zai san ko siyasar gwamnati ake ba shi labari ko zaƙewar ɗan sanda ɗaya ba. A magana mai zafi irin ta addini, wannan bambanci yana iya zama tsakanin kai koke ga hukuma da jifan wanda ke tsaye a titi.

Haka abin yake a wurin tafinta. Idan aka tsare yaron wani mahauci a kwamisariya, mahaifin ya zo da wanda zai yi masa tafinta, tambayar “wane ne babba a nan?” tana iya kai shi gaban birgadiyen da ya fi kowa furfura, wanda zai saurare shi da ladabi amma ba shi da ikon buɗe ƙofa. Tambayar da za ta kai shi ofishin da ya dace ita ce: “Wa ya sa hannu aka tsare shi, kuma tun ƙarfe nawa?”