Rubutu a Cikin Gwaji: Nazarin Wata Al'ada ta Marubutan Kirista a Ingila

A adabin Kirista na Ingila akwai daɗaɗɗiyar al'ada ta ɗaukar rubutu a matsayin kira, wato aikin da mutum ya gaskata Allah ne ya ɗora masa, wanda saboda haka ba a auna shi da yawan masu saye ko yabon masu sharhi. Wannan fahimta ce ke sa marubuci ya ci gaba da riƙe alƙalami idan ƙofofi suka rufe, domin yana kallon ɗauri da talauci da ƙin karɓar aikinsa a matsayin gwaji irin na Ayuba, wanda ake jurewa ba tare da an saki bangaskiya ba.

John Bunyan, mai gyaran tukwane da aka haifa a 1628, shi ne fitaccen misali. An kama shi a 1660 saboda yin wa'azi ba da izinin hukuma ba, ya kuma shafe shekara 12 a kurkukun Bedford, alhali da ya yi alkawarin daina wa'azin da an sake shi. A ɗakin ɗauri yana haɗa igiyoyin takalmi da ake sayarwa don ciyar da iyalinsa, ciki har da 'yarsa Mary wadda makauniya ce, kuma a nan ya rubuta Grace Abounding, wanda ya fito a 1666. Littafin shaida ne, wato bayanin da mai bi ke bayarwa kan yadda Allah ya bi da rayuwarsa, kuma ƙarfinsa yana cikin yadda bai ɓoye shakka da tsoron da suka addabi marubucin ba.

Sai dai masu ba da tarihin Bunyan sukan garzaya zuwa 1678, shekarar da littafinsa The Pilgrim's Progress ya fito ya samu karɓuwa, har su mayar da labarin hujjar cewa mahaƙurci mawadaci ne tun a nan duniya. Rayuwar Gerard Manley Hopkins ta rushe wannan fahimta. Hopkins ya ƙona waƙoƙinsa na farko a 1868 lokacin da zai shiga ƙungiyar Jesuit, wata ƙungiya ta limaman Katolika, sannan mujallar ƙungiyar tasa ta ƙi buga doguwar waƙar da ya rubuta kan nutsewar jirgin ruwan Deutschland. Ya rasu a Dublin a 1889 ba tare da an san shi mawaƙi ba, kuma sai a 1918 abokinsa Robert Bridges ya buga kundin waƙoƙinsa.

Abin da ya haɗa mutanen biyu shi ne sun raba amincin yin aikin da sakamakonsa, suka riƙe na farko a matsayin nasu, suka bar na biyu ga Allah. Duk nazarin da ya mayar da bangaskiyarsu hanyar samun suna bai yi wa al'adar adalci ba.