Hannun da Ke Riƙe Linzami

A Kano, ranar Hawan Daushe, bayan Sarki ya dawo daga Babban Ɗaki ya tsaya a Ƙofar Kudu, sai mahaya su jero su sako dawaki a sukwane. Saura ƙiris su iso gabansa sai su zame: dawaki su kafa ƙafafun baya a ƙasa, ƙura ta turnuƙe, mahaya su ɗaga hannu suna jinjina. Jahi ke nan, ɗaya daga cikin abubuwan da suka ƙawata hawan Kano, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba na 2024. Zamiyar nan ta ƙiftawar ido aikin watanni ce, kuma a barga ake fara ta.

Gwani ba ya tunkarar doki ta baya, ba ya kuma faɗo masa ta tsakiyar goshi. Idanun doki a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, sai dai bayan wutsiyarsa da dab da goshinsa. Don haka ta kafaɗar hagu ake zuwa, ana yi masa magana a hankali, a shafa wuya. Kafin a taɓa sirdi, a dubi kunnuwa. In sun miƙe gaba, wani abu ya ɗauke masa hankali. In ɗaya ya juyo wajenka, yana saurarenka. In ya kwantar da su duka biyu a kan ƙeya, to ka dakata, yana iya cizo ko harbi.

Sai ɗaurin sirdi. A goge gadon baya tsaf, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin shimfiɗa tana iya zama miki kafin yamma. A ɗora sirdi, a ja majayi, wato ɗamarar da ke zagaye ƙirjinsa ta riƙe sirdin. Ba a tamke shi gaba ɗaya. Doki yakan ƙame ƙirji in ya ji ana ɗaurewa, sai an ɗan taka da shi ya saki jiki, sannan a ƙara ja.

Linzami ne wurin da ake gane mahayi. A bakin doki akwai gurbi tsakanin haƙoran gaba da turame, dasashi ne zalla ba haƙori, nan ƙarfen yake zama. Linzaminmu na gargajiya kuwa yana da zobe da ke kewaye haɓa, ja kaɗan sai ya matse muƙamuƙi. Kaifinsa ne ya sa gwani yake riƙe shi da 'yan yatsu, hannu a ƙasa kusa da geza. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, sakin da ake yi wa doki ne ke koya masa, ba jan ba. Mahayi ya ɗan matsa, da zarar doki ya rage tafiya ko da taku ɗaya ne, nan take ya sassauta. A haka doki yake gane cewa abin da ya yi yanzun nan shi ake nema. In aka makara wajen sakin, darasin ya ɓaci. In aka yi ta ja ba sassauci, bakin ya mutu, dokin ya daina jin komai sai azaba.

Maganar ba a hannu kaɗai take ba. Dabbar da ƙuda zai sauka a jikinta ta karkaɗa fatar wurin kaɗai, ba za ta kasa jin cinyar mutum ba. Matsa ƙwauri biyu na nufin gaba. Matsa ɗaya, tare da jingina igiyar linzami a wuya, na nufin juyawa. Dunduniya a ƙasa cikin likkafa, ƙaimi a nesa da ciki sai in ya zama dole. Idan za a zame kuwa, mahayi yakan fara nutsa nauyinsa cikin sirdi, ya miƙe baya, ya ɗan tura likkafu gaba. Horarren doki tun daga nan ya ji saƙo, ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, linzami tuni ne kawai.

Duk wannan a kilisa ake gina shi, da sassafe ko bayan la'asar: a yi ta gwada tsayawa daga tafiya har ta zauna, sannan daga sassaƙa, sannan daga sukuwa. Wanda ya yi barcinsa duk shekara, ya karɓo doki haya da jajibere, ba ya ɓuya a filin hawa. Hannunsa a sama, bulala na aiki, dokin na wurgi da kai, kumfar bakinsa da jini-jini.

Da an sauka, gwani ba ya miƙa doki turke kai tsaye. Zai sassauta majayi, ya zagaya da shi har numfashi ya daidaita, ya cire sirdi ya bi gadon baya da tafin hannu ko akwai kumburi, ya ɗaga kofato ɗaya bayan ɗaya ya zaƙulo tsakuwa, ya duba gefen baki ko ƙarfe ya ci. Bayan haka sai ruwa, sai harawa, dawa kuma sai jikin ya huce sarai.